Yadda Ake Yi wa Motar Gudu Taga a Bonet

Kafin ka taɓa ƙarfe, sai ka fara tabbatarwa cewa motarka motar gudu ce, domin wannan aiki ba na kowace mota ba ne. Tantancewar ba wuya. Je ka tashar Sokode da sassafe, ka tsaya bayan motar, ka dube ta da kyau. Idan an ƙera ta don mutum biyar amma yanzu bakwai take ɗauka, wato direba, biyu a gaba, huɗu a baya, ban da yara tun da su ba a ƙirga su. Idan but ɗinta bai sake rufuwa ba tun ranar da ta baro bakin teku a Lome, igiya ce ke riƙe da shi bisa buhunan gawayi da doya. Idan kuma a haka take cin kusan kilomita 300 zuwa Dapaong, ta kwana, ta dawo, to ka cika sharaɗi. A ko'ina cikin duniya, motar gudu ita ce wadda ake tatsar injinta har iyakar ƙarfinsa. Saurin isa wani zance ne daban, kuma ba shi ya tara mu ba.

Yanzu ka natsu a yi maka bayanin zafi. Duk litar man da ka zuba, ko ta gidan mai ko ta kwalba a bakin titi, inji yana raba ƙarfinta kashi uku, kusan daidai wa daida. Kashi ɗaya ne kaɗai ke juya taya. Kashi ɗaya yana ficewa ta salansa. Na ukun kuwa zafi yake zama a jikin inji, ruwa ya kwashe shi ya kai lagireto, iska ta karɓa daga lagireto. Ma'ana, duk jaka uku da ka miƙa wa mai sayar da mai, biyu ɗumi ka saya wa jama'a. Mutanen Mango, waɗanda a watan Maris da Afrilu zafin garinsu kan haura digiri 40, ba su aike ka ba, amma kullum kana kai musu.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Murfin lagireto na gaske yana matse shi, ya hana shi tafasa sai ya kusan 120. Murfin da aka yi da tsumma da leda aka ɗaure da roba ba ya wannan aiki, amma yana da nasa amfanin, domin ba ya ɓacewa, ba kuma wanda zai sace shi.

To ina matsalar take? Iska tana shiga ta hancin mota, ta ratsa lagireto, ta ɗauki zafi, sai ta tarar da kanta cikin ɗakin inji. Sama bonet, baya bango, gefe taya. Hanya ɗaya ta rage mata, ta ƙarƙashi, inda sauran iskar titi ke ta cunkoso. Idan ta ciki ba ta fita ba, ta waje ba za ta shiga ba. Masu motocin tsere sun daɗe da gane wannan, sai suka yanke mata ƙofa a sama. Jaguar E-Type da ta fito a 1961 da jerin tsagogi a bonet ta zo. Mitsubishi Lancer Evolution, wadda aka fara ƙerawa a 1992, ita ma da tagarta ta fito, kuma da ita ne Tommi Mäkinen, mutumin Finland, ya ci gasar tseren daji ta duniya sau huɗu a jere, daga 1996 zuwa 1999. Ka lura da kyau. Motarsa tana da rami a bonet, ya ci kofi huɗu. Taka ba ta da rami, ba ka ci ko ɗaya ba. Lissafin a fili yake. Gaskiya ne shi fasinja ɗaya tak yake ɗauka, wanda aikinsa karanta masa hanya daga takarda, ba ya kuma biyan kuɗin mota, amma wannan ƙaramin bambanci ne da bai kamata ya ɗauke maka hankali ba.

Za ka gamu da tsofaffin direbobi da za su ce maka kada ka wahalar da kanka, ka dai saki makullin bonet, ka cusa guntun itace a ƙarƙashi, ka ɗaure da igiya, iska ta samu hanya. Ka gaishe su da ladabi, ka wuce. Dabararsu tana da aibi biyu manya: ba ta cin ko dala, kuma duk ranar da ka ga dama kana iya zare itacen mota ta koma yadda take. Gyaran da ake iya warwarewa ba ya nuna cewa mai shi ya yanke shawara.

Mataki na farko shi ne zaɓen rana. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka fara wannan aiki alhali kamasho ya riga ya karɓi kuɗin mutum huɗu suna zaune a inuwa suna kallonka. Ka zaɓi ranar da motar take kwance dama, saboda wani dalilin. Ba za ka daɗe kana jira ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen wuri, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Zuciyarka za ta raya maka ka yanke tagar can baya, dab da gilashin gaba, inda kai da kanka za ka riƙa ganinta kana tuƙi. Kada ka bi ta. Idan mota tana gudu, iska tana cin karo da gilashi, ta taru a gindinsa, ta matsu. Shi ya sa masu ƙera mota suka sa mashigar iskar cikin mota a daidai wurin. Ka yanke rami a nan, iska ciki za ta riƙa shiga maimakon fita, ta je ta tare wadda ke zuwa daga lagireto, su biyun su tsaya suna kallon juna. Wurin da ya dace yana gaba, kamar taƙi ɗaya ko biyu bayan lagireto, inda iskar da ta hau hancin mota take wucewa da sauri, ta riƙa zuƙo ta ciki. A can direba ba ya ganin tagar sosai, amma masu shan shayi a bakin tasha suna ganinta, kuma su ne masu ba da labari.

Kada ka rikita taga da baki. Baki shi ne wannan ƙullutun da ke kallon gaba a bonet ɗin Subaru Impreza, aikinsa haɗiye iska don sanyaya wadda turbo ya ɗumama. Motarka ba ta da turbo, ƙarar da kake ji salansa ce ta fashe.

Mataki na uku, ka ɗaga bonet ka leƙa cikinsa. Za ka ga wasu ƙarafa a gicciye, manne da shi. Ba ado ba ne, su ke riƙe da shi kada ya lanƙwashe. Ka auna tagarka ta faɗa tsakaninsu. Ka samu kwali, na madara ko na taliya, ka yanke shi daidai girman da kake so, ka ɗora a kan bonet, ka zagaye da alli. Ka ja baya taku biyar ka duba. Za ka ga ya karkace. Ka goge ka sake. Zai sake karkacewa, amma wannan karon ba laifin allin ba ne, bonet ɗin ne ya karkace tun lokacin da mai shi na farko ya bugi wani abu a Jamus ko Beljiyam. Yanzu sai ka zaɓa: ko tagar ta daidaita da mota, ko ta daidaita da ƙasa. Masana sun fi son ta daidaita da mota, domin ita ƙasar, daga Bafilo zuwa sama, ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Idan ka gama, ka bi layin da salatef mai faɗi domin kada fenti ya ɓare, in akwai fenti.

Mataki na huɗu, yanka. A ƙa'ida kwance bonet ake yi, noti huɗu ne kawai, a kwantar da shi bisa tsofaffin tayoyi. Mai waldar da za ka kai wa, a Zongo ne ko a Didawure, zai ce ba sai an kwance ba. Ka nace. In ya fi ka baki, aƙalla ka cire kan batir, ka jiƙa buhun algarara sharkaf ka lulluɓe inji, musamman wajen tiyon mai, domin tartsatsin injin yankan ƙarfe ba ya tambayar abin da ke cikin tiyo.

Ka tsaya kusa ka ga yadda ake yi. Zai fara huda kusurwa huɗu, kowace da ƙaramin rami, saboda ƙarfen da aka yanke da kusurwa mai kaifi daga nan yake fara tsagewa in ya sha girgiza, girgiza kuwa ba ta yi ƙaranci a wannan hanya ba. Sai ya ɗauko injin yankan, wanda aka cire wa marufin kariya tun tuni domin yana tare masa gani, ya sa baƙin tabarau irin na zuwa biki, ya ce da yaronsa, "Kai, riƙe nan, kada ka motsa." Yaron zai riƙe, ya kau da kai, ya runtse ido. Faifan zai taɓa ƙarfe, ƙara ta cika unguwa, warin ƙonannen fenti ya tashi, yara su taru. Zai bi layi na farko tsaf, ya bi na biyu. A tsakiyar na uku wuta za ta ɗauke. Kada hankalinka ya tashi, wannan yana cikin tsarin aikin. Zai ajiye injin ya ce, "Maigida, in kana sauri a ƙarasa da guduma." Kana sauri. Ragowar layi ɗaya da rabi da guduma da kurfi za a ƙarasa su, shi ya sa kowace tagar bonet ta gaske, in ka duba, gefe biyu a miƙe suke, gefe biyu kuma suna da tarihi.

Guntun ƙarfen da ya faɗo, kada ka bari yaron ya ɗauka. Ka goge shi, ka sa ƙarƙashin kujerarka. Za a zo kansa.

Mataki na biyar gajere ne. Ka goge bakin ramin da magagari, ka bi da samfefa, ka shafa fentin hana tsatsa a ranar, ba gobe ba. Ƙarfen da aka yanke aka bari tsirara, damina ɗaya ta ishe shi.

Mataki na shida, abin rufawa. Akwai na kanti, wanda ake odarsa daga waje, baƙi mai sheƙi mai sauƙin nauyi, sai dai kuɗinsa da kuɗin kawo shi za su sa tagar ta fi ƙofofin motar huɗu daraja, abin da ke jawo hassada tsakanin sassan mota. Na gida ya wadatar: ragar tsohuwar fanka, ko falle-fallen alminiyam irin na tagar ɗaki. Sharaɗi ɗaya ne, bakin falle-fallen ya kalli baya, wajen gilashi. In ya kalli gaba, ka ƙera abin kama fara ne. Ka kafe shi da ƙusoshin ribit, kada ka yarda da gam, domin rana ɗaya a Mango za ta mayar da shi kunu. Kada kuma ka bar ramin a buɗe ba raga. A Dapaong ana loda zabi, kuma zabuwar da ta kuɓuce wuri mai duhu take nema.

Yanzu gwaji. Ka cika mota kamar kullum, ka ɗauki hanyar arewa. Daga Sokode zuwa gindin tsaunin Alejo ba abin da za ka gani, allurar zafi tana tsakiya, kamar yadda take kafin aikin. Wannan alama ce mai kyau, domin ta nuna ba ka ɓata komai ba. Daga nan hawa zai fara, wajen tsagaggen dutsen nan da aka fasa hanya ta ratsa tsakiyarsa kafin Bafilo. An yi hanyar zagaye saboda manyan motocin da ke ɗauke kaya daga Lome zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali, amma tudu dai yana nan inda Allah ya ajiye shi. Za ka koma giya ta uku, ka koma ta biyu, ka sami kanka bayan tirela a giya ta ɗaya, mai tallan ayaba yana tafiya a gefenka yana ciniki da Hajiyar da ke baya. A nan allura za ta tashi, ta nufi ja.

Kada ka zargi tagar. An riga an gaya maka cewa iskar da ke wucewa da sauri a saman bonet ita ke zuƙo ta ciki. A giya ta ɗaya ba iskar da ke wucewa da sauri, ko da gaggawa ma ba ta wucewa. Taga tana aiki sosai a yanayi biyu: in mota tana sheƙa gudu, ko in ta tsaya cak, lokacin da zafi ke tashi sama da kansa ya fice. Na farkon za ka same shi a gangara, bayan ka gama hawan, lokacin da inji ke hutawa ba ya buƙatar taimakon kowa, kuma za ka ga yadda allura ke sauka abin sha'awa. Na biyun kuwa motarka ta daɗe da ƙwarewa a kansa. Abin da ya rage tsakani shi ne hawan Alejo da hawan Defale bayan Kara, wato wurare biyun da suka sa ka yanke bonet. Biyu cikin kilomita kusan 300 ba yawa ba ne.

Duk da haka, ko a kan tudun tagar tana da fa'ida. A da, sai ruwa ya tafasa ya gama, tururi ya cika ɗakin inji ya fara fita ta gefen fitila, sannan ka sani. Yanzu kuwa kai tsaye yake tashi a gabanka, a miƙe, kowa a motar ya gani lokaci ɗaya, ba gardama. Ka tsaya, yaron mota ya sa dutse a bayan taya, ka jira. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, wannan ba wasa ba ne, fuska ɗaya gare ka. In ya huce ka zuba ruwa daga jarka. Wasu sukan zaunar da yaro a kan bonet ya riƙa tsiyaya fiya wata ta ramin ana tafiya. Ba a goyon bayan haka, domin yana toshe tagar.

Sai batun fasinja. Iskar da ta fito ta taga ba ɓacewa take yi ba. Tana bin bonet, ta isa gindin gilashi, inda, in ba ka manta ba, mashigar iskar cikin mota take. Rabi ta shiga nan, rabi ta zagayo ta gilashin gefe. Alhajin da ya biya kuɗin kujera biyu don ya zauna gaba shi kaɗai, shi zai fara karɓarta. Wajen Kante zai cire hula ya ce, "Direba, wai wuta ka kunna mana ne?" Ka amsa da girmamawa: "A'a Alhaji, inji ne yake shan iska." In ya ce shi fa, sai ka bayyana masa cewa duk zafin da ya ji a fuskarsa zafi ne da ya bar inji, don haka gumin da yake yi shi ne shaidar cewa aikin ya yi kyau. Mutum mai hankali zai gamsu. Wanda bai gamsu ba, ai ya riga ya biya.

Yanzu ka ciro guntun ƙarfen nan daga ƙarƙashin kujera. Rami a sama ba ya bambanta abin da ke fita da abin da ke shiga. A Sokode ruwa yakan fara sauka tun wajen Afrilu, bai ɗauke ba sai Oktoba. A Dapaong yakan makara kaɗan, amma in ya zo da ƙarfinsa yake zuwa. Ruwan da ya zubo ta taga kan fulogi da wayoyin wuta yake sauka, inji ya fara tari, ya mutu a tsakiyar gadar kogin Oti. Saboda haka duk damina sai ka mayar da guntun, ka kafe shi da noti huɗu, ka bi gefensa da tsohon tiyub. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne, ƙura tana sauka kan komai, ta haɗu da man da ke tsatsafowa a jikin inji ta zama laka, ga shi da asuba ma injin ɗumi yake nema. Nan ma a rufe. Ya rage maka Maris, da abin da ya samu na Afrilu. A waɗannan makonni ka buɗe tagarka, ka ji daɗinta, ko da yake iskar da ke shigowa a lokacin ita ma da zafinta take zuwa.

Wataƙila wani makaniki ya ja ka gefe ya ce a wanke cikin lagireto, a sayi murfi na gaske, a ɗaure fambel, a mayar da tamostat ɗin da aka cire tun a Lome bisa hujjar cewa na ƙasar ƙanƙara ne, sannan a rage buhu biyu daga kaya. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma allura za ta sauka. Sai dai ka tambaye shi, cikin waɗannan wanne ake gani daga bakin titi? Haka nan za ka ga ana sayar da tagar roba mai gam a baya, wadda ake mannawa ba tare da an huda komai ba. Ba ta shigar da ruwa, ba ta shigar da ƙura, ba ta ƙona Alhaji, kuma a hawan Alejo sakamakonta daidai yake da na taka. Wannan ta masu tsoro ce.

Idan ka bi duk matakan nan allura ba ta daina tashi ba, dalilin ɗaya ne: ramin ya yi kaɗan. Ka koma wurin mai walda a yanke na biyu a ɗaya gefen, ka adana guntunsa shi ma. In biyu ba su isa ba, a haɗe su su zama ɗaya babba. In har yanzu da saura, ka kai matakin ƙarshe, wanda ya fi duka sauƙi, domin noti huɗu ne kawai kuma ba ya buƙatar wutar lantarki. Ka kwance bonet ɗin gaba ɗaya, ka kife shi bisa kayan da ke saman mota, ka ɗaure da igiya. In jandarma ya tsayar da kai a shingen Mango ya tambayi ina bonet, kada ka yi dogon bayani, ka nuna masa sama. Ka dai tanadi canji tun daga tasha, domin a wurin kamasho duk abin da ya hau saman mota kaya ne, kuma sai an biya masa.